Shekarar da Na Tsai da Alli

Balki da Rakiya, ƙannena, ku nake rubuta wa wannan, ku da 'ya'yan da Allah zai ba ni nan gaba. Na san abin da ake faɗa a bakin rijiyar ƙauyenmu. An ce na je wurin malami an ɗaure wa Lawali baki, shi ya sa ya kasa magana a gaban manyan lakol, wato makarantarmu, har aka kore shi. An ce na ci tuwon kawuna na saka masa da sharri. Kun ji kun yi shiru saboda ku yara ne, ni kuma ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarin da bakina ba, don da na fara sai muryata ta kama rawa. Yanzu ma hannuna na rawa, amma takarda ba ta tona wa mutum asiri kamar murya. Zan faɗi yadda aka yi, ba ƙari ba ragi, kuma babu abin da nake jin kunyarsa a ciki.

Da na ci birebe, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, aka tura ni lise, babbar sakandare, ɓangaren da ake kira seri C, na masu lissafi da kimiyya. Ƙauyenmu na bayan Cadakori kun san ba shi da lise, sai Inna ta roƙi wanta, Kawu Idi, mai sayar da hatsi a kasuwar Gidan Rumji, ya riƙe ni a gidansa. Ba zan ambaci sunan lakol ɗin ba, ba shi ne abin nema ba. Kawu bai yi musu ba ko kaɗan. Ya haɗa ni ɗaki da 'ya'yansa mata, matarsa Iya Habi kuma ba ta taɓa bambanta kwanona da nasu ba. Wannan ma gaskiya ce, ku riƙe ta tare da sauran. Ranar da na iso ya tambaye ni ɓangaren da aka ba ni. Da na faɗa masa sai ya yi dariya har ya ajiye tasbaharsa.

"Seri C, ɗiya mace? To, kin faɗo gidan sa'a. Ga Lawali nan, aji guda za ku zauna. Ki riƙe rigarsa, shi zai ƙetare da ke."

Lawali shi ne babban ɗansa, taubashina, abokin wasana tun muna ƙanana. Maimaita ajin yake yi a shekarar, amma babu wanda ya ɗauki hakan gazawa. A gida cewa ake ciwon shawara ne ya kayar da shi bara, a aji kuma ana kiransa tsohon soja, wanda ya riga ya san hanya. Yana da murya, yana da saurin baki, in ya shiga wuri sai an san ya shigo. Ina cikin sauke kayana ya tsaya a bakin ƙofa.

"Baƙauya ta iso birni. Fasuma, wai da gaske ne a ƙauyenku in tumaki sun wuce ashirin sai ku ce Allah ya yi albarka, ku bar ƙirgawa?"

Na ce, "Mu dai a ƙauyenmu ba a maimaita shuka sai in irin farko ya ruɓe."

Iya Habi ta yi ta dariya, ta ce gidan zai yi daɗi bana. Kuma ya yi daɗin.

A zauren Kawu akwai bango ɗaya da aka shafe da siminti, aka baƙanta shi da garin tsohon batir haɗe da ƙaro. Shi ne tablonmu, allon rubutu irin na aji. Duk ɗan lise ya san gurup: bayan la'asar 'yan aji ɗaya su taru a wani gida su yi ta warware ayyukan lissafi har a kira magariba. A namu gurup ɗin ni kaɗai ce mace, kuma akwai wata ƙa'ida da babu wanda ya kafa ta, babu kuma wanda ya taɓa tambayar dalilinta: mace ce ke riƙe alli. Ana cewa rubutun mata ya fi kyau. Samari su zauna a tabarma da butar shayi suna tunani, mace ta tsaya tana rubuta abin da suka ce. Haka yake a duk gurup ɗin da na sani. Haka yake a aji ma. Malaminmu na lissafi, Mushe Sale, don da Mushe ake kiran malami a lakol, mutum ne mai haƙuri wanda bai taɓa ɗaga wa ɗaliba murya ba, amma kullum sai ya miƙa wa ɗaya daga cikinmu alli ya ce ta kwafe aikin a tablo, sannan ya juya ɗaya ɓangaren ya ce, samari, wa zai gwada? Mu 'yan matan ba mu taɓa jin an yi mana rashin adalci ba. Daɗi ma muke ji in an zaɓe mu, har muna gasar wadda layinta ya fi miƙewa.

Ga yadda abin yake tafiya a zaure. Zan kwafe aikin, kafin in ɗiga aya hannuna ya sauka layi na gaba. A bayana sai in ji muryar Lawali:

"Yauwa, ki kai iks wancan gefen. Yauwa. Sai ki raba da biyu. Kun gani? Ba wuya."

Sauran su ce tsohon soja ya gama da shi, a zuba masa shayi. Ni kuma in kakkaɓe hannu ina jin na yi sa'ar ɗan'uwa. Ban taɓa tambayar kaina wanne ke riga wani ba, allin ko muryar. Kun san in mata biyu suna daka a turmi ɗaya, lugude ya yi daɗi, ba mai iya cewa taɓaryar wance ce ta fara sauka. Da aka raba mana takardun dabuwar farko, gwajin da ake yi a aji, na samu maki mai kyau, Mushe Sale ya ɗaga takardata ya ce wa aji, kun ga amfanin zama kusa da mai ƙoƙari. Makin Lawali bai kai nawa ba, amma wannan ma yana da bayani a bakin kowa: ya san abin, gaggawa ce ke cutarsa, ba ya son rubutu. Ni da kaina na je na yi masa godiya. Da labari ya kai wa Inna, ta soya gyaɗa ta ƙulle a tsohon ɗankwalinta mai ruwan ganye, ta ba direban motar kasuwa ta ce a kai wa Lawali, ladan wahalar da yake da ɗiyarta. Daga nan duk ranar kasuwar Cadakori sai ƙullin nan ya zo. Shi ke cin gyaɗar, ni ke wanke ɗankwalin in mayar.

Abin ya ɓaci ne a jarrabawar ƙarshen shekara, lokacin da zafi ya kai matuƙa ana jiran ruwan farko. Surbeyan, mai kula da tsarin ɗalibai, ya cuɗa mana wurin zama don kada abokai su taimaki juna, sai na faɗa benci ɗaya da Lawali. Akwai wani aiki a kan gona mai kusurwa huɗu: an ba da tsawon shingen da ya kewaye ta da girman filinta, aka ce a nemo tsawonta da faɗinta. Na bi wata gajeriyar hanya da ba a koya mana a aji ba, ita ta zo mini kawai, sannan a layin ƙarshe na yi wani ɗan kuskure saboda sauri. Kaina na ƙasa tun farko har ƙarshe. Bayan 'yan kwanaki Mushe Sale ya kira mu biyu, ya shimfiɗa takardunmu a tebur. Hanya ɗaya, kuskure ɗaya, a layi ɗaya. Bai kalli Lawali ba. Ni ya kalla, da tausayi a fuskarsa, kuma tausayin ya fi mini zafi da zagi.

"Fasuma, na san ki da ƙoƙari da tsabtar aiki. Me ya kai ki?"

Ya ce za a zauna a kan maganar ranar Alhamis gaban sansar, mataimakin shugaban lakol. Wanda ya kwafa za a ba shi sifili a lissafi. In ni ce, za a cire ni daga seri C a mayar da ni seri A, wajen adabi da harsuna. In Lawali ne, kora ce, don ba a zama aji ɗaya sau uku.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne ni kaina ban tabbata ba. Na yini ina tambayar kaina ko idona ya leƙa ban sani ba. Na same shi a zaure na ce, Lawali, don Allah yaya aka yi? Bai kawar da kai ba.

"Ni ban ce kin kwafa ba. Na ɗan duba takardarki don in ga ko kin bi hanya, shi ke nan. Abin da na koya miki kika rubuta, dole su yi kama."

Wallahi ya yarda da abin da yake faɗa. Ni ma sai na ji kamar maganar ta zauna.

Kawu ya aika aka zo da Inna. Aka zaunar da ni a tsakar gida bayan azahar, a inuwar rumbu. Babu wanda ya yi mini tsawa.

Kawu ya ce, "Ba a ce ki yi ƙarya ba, ɗiyata. An ce ki yi shiru. Malaman sun riga sun san wanda ya iya. Ke ba a korar ki, shi kuwa in an kore shi ya ƙare."

Iya Habi ta ce, "Seri A ma ai karatu ne, can 'yan'uwanki mata suke. Mi mace za ta yi da iks da igrek? A miya ake sa su?"

Inna ta ja ni bayan ɗaki. Idonta ya yi ja.

"Fasuma, tuwonsa ne a cikinki. Yaron nan shekara guda yana wahala da ke. Ki ce to."

Na ce to. Ina son lissafi fiye da yadda nake iya faɗa, shi kaɗai ne abin da in ina yinsa nake manta cewa ni baƙuwa ce a gidan wani. Amma na ce to, kuma da niyyar cikawa na faɗa.

Ranar Alhamis aka shigar da mu wani aji da ba kowa. Sansar da Mushe Sale da surbeyan suna gaba, Kawu ya zauna a bencin baya da babbar rigarsa, gwiwoyinsa sun kasa shiga ƙarƙashin tebur. Sansar ya ce ba ya son dogon zance. A sake aikin gonar da wasu lambobi, yaron ya nuna ya iya, a rufe magana. Mushe Sale ya ɗauki alli, kuma kamar yadda ya saba kullum, ni ya miƙa wa.

"Fasuma, kwafe aikin. Lawali, kai ka faɗa ta rubuta, rubutunka ba ya karantuwa."

Babu wanda ya ga wani abu a cikin wannan, har ni. Na kwafe. Lawali ya gyara murya ya ce a kira tsawo iks, a kira faɗi igrek, wato x da y. Na rubuta. Ya faɗi layin shinge, daidai, na rubuta. Sai na ji hannuna yana sauka layi na gaba da kansa, ina ganin hanyar a buɗe har ƙarshe kamar burtali da safe. A nan tsoro ya kama ni. Na ce a raina, ana zargina da ɗaukar abin da ba nawa ba, yau ba zan sa ko ɗigo ɗaya a tablon nan ba sai wanda aka ba ni. Na tsai da allin a jikin tablo, na jira muryarsa.

Muryar ba ta zo ba.

Can Lawali ya ce, "Ki ci gaba mana."

Na ce, "Faɗa in rubuta."

"Yauwa, sai ki kai shi wancan gefen."

"In kai wanne?"

Ina jin wani ɗan akuya yana kuka a bayan taga. Na waiga, na ga idon Lawali ba a kan aikin yake ba, a kan hannuna yake. Jira yake ya motsa. A wannan kallon ne shekarar nan gaba ɗaya ta juye mini a ka, zauren da tabarmar da shayin da yauwa-yauwar nan, sai na gane taɓaryar da ke fara sauka. Na kuma gane cewa ceton Lawali yana tsakanin yatsuna. In na ja layi ɗaya kawai zai karanta ya ce yauwa, mu tafi a haka har ƙarshe kamar kullum, kowa ya koma gida da farin ciki, ni in tattara littattafaina in koma seri A. Kawu ya yi gyaran murya a baya. Na san ma'anarta. Tsoro ne ya fara tsai da hannuna, wannan ba zan ɓoye muku ba. Amma ni ce na hana shi tashi. Na sauke allin, na riƙe shi da hannu biyu a gabana don kada ya kuɓuce mini, na kalli ƙasa. An ce in yi shiru, na yi. Ba a ce hannuna ya yi magana a madadin wani ba.

Sansar ya cire tabarau ya ce, "Yaro, me kake kallo a hannunta?"

Mushe Sale ya ɗauko wani alli ya ba Lawali. Ya rubuta layi biyu ya goge, ya sake rubutawa ya goge, gumi ya jiƙa masa bayan riga. Sansar ya juyo wurina ya ce, ke, kina iyawa? Na ɗora allin a tablo ya karye biyu, na sunkuya na ɗauki rabin. Ranar ce ta farko da na yi lissafi a tablo ba murya a bayana. Ban ji komai ba sai ƙarar allin. Na bi gajeriyar hanyata har ƙarshe, na gyara kuskuren da na yi a jarrabawa, na ja layi a ƙarƙashin amsar. Mushe Sale ya daɗe yana kallon tablon, sannan ya tambaye ni a hankali.

"Tun yaushe?"

Na ce, "Ban sani ba, Mushe. Ni ma yau na sani."

Da na waiga baya, Kawu ya riga ya fita.

Na koma gida na tarar da jakata a zaure, a gindin tablon nan. Iya Habi na tsaye a ƙofar shiga ciki, matar da ta yi shekara tana ajiye mini ƙanzo don ta san ina so.

"Kin ɗaure mini yaro. Yaron da ya koya miki, yau an ce bai iya ba? Allah ya isa. Hannun nan da kika riƙe, za ki ga abin da zai same shi."

Tun daga ranar hannuna na dama ke rawa duk lokacin da na ɗauki alli. Matar da ke duba mu a likita, wato asibiti, ta ce firgita ce, za ta wuce. Na yarda da ita da rana tsaka. Amma in na tuna fuskar Iya Habi sai in ji sanyi ya bi mini kafaɗa, in yi ta addu'a ina tofawa a tafin hannu. Yanzu a gidan su Saratu ƙawata nake zaune, can ƙarshen gari. Kawu ba ya ɗaukar wayar Inna, aka yi suna a gidansa ba a gaya mana ba. Lawali yana rumfar babansa a kasuwa yana auna gero da tiya. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tsaya na gaishe shi. Ya share bakin tiyar da hannu, bai ɗago ba.

"Baƙauya. Ashe kuna wuce ashirin."

Har yau ban san ko wasa ne ko ba wasa ba. Ba na ƙinsa, kuma ba na son ku ƙi shi. Tun yana yaro ake gaya masa ya iya, kamar yadda ake gaya mini rubutuna na da kyau, kowannenmu ya riƙe abin da aka ba shi. Da an bar masa allin tun shekararsa ta farko, da ya ga inda ya tsaya tun ana iya gyarawa. Shi ya fi ni asara. Amma ban yarda cewa ni na jawo masa ba, kuma ko gobe aka mayar da ni ajin nan, zan sake riƙe allin da hannu biyu.

Ina nan a seri C. Mushe Sale har yanzu yakan miƙo alli ɓangaren 'yan mata, sai ya tsaya a tsakiyar hanya kamar wanda ya tuna ya bar wani abu a gida. A sabon gurup ɗinmu na ce musu ƙa'ida ɗaya ce, mai magana shi ke riƙe alli, in rubutunsa kamar tonon kaji ne ma za mu karanta. Sun yi dariya, amma sun bi. Jarrabawar bak, ta gama lise, tana gabana, kuma na san in na faɗi za a ce aikin malamin ne ya ƙare. Wannan yana ba ni tsoro. Amma tsoron bai taɓa sa na manta yadda ake warware aiki ba, hannun yana rawa yana rubuta daidai. Balki, baɗi za ki yi birebe. In an miƙo miki alli ki karɓa, ba laifi ba ne. Ki dai riƙa tsayawa lokaci-lokaci, ki ji ko muryar da ke bayanki za ta iya tafiya ba ke.

Saura maganar Inna, don na san kuna ganin kamar fushi take da ni. Duk hutun damina muna gona tare, kun gani, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Na ɗauka ta zaɓi ɗan'uwanta. Ranar da zan koma, bayan an cire sabuwar gyaɗa, ta rako ni bakin hanya, ku kuna gida. Motar kasuwa ta tsaya, yaron mota ya ɗora jakata. Sai ta zaro ƙulli daga cikin zanenta, ɗankwalin nan mai ruwan ganye, da ɗuminsa. Na ɗauka aikena za ta yi gidan Kawu neman sulhu.

Na ce, "Inna, wa zan kai wa?"

Ta gyara lulluɓinta, tana kallon titi.

"Ki ci abinki. Shekara guda ina biyan lada ba ga mai shi ba."

Direba ya danna oda. Na shiga na zauna da ƙullin a cinya. Motar ta fara tafiya, ta biyo ta da ɗan sauri ta leƙo ta taga.

"Ki wanke mini ɗankwalina ki maido."